Ranar da Na Kira Babana Malam

"Jidda kuma? Ke da kika ce hutun nan barci kawai za ki yi?"

Umma ce ta tambaye ni, tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ni kuwa ina durƙushe ina cusa kaya a jaka, na ƙi yarda mu haɗa ido.

"Gidan yayar Dalal za mu je, Umma. Ta haihu, barka za mu yi mata. Kafin isha'i na dawo."

"Barka ce har da jaka?"

"Kayan jariri ne..."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Idan kin isa ki kira babanku ku gaisa, tunda kina garin."

"Yana wurin aiki, Umma. Kar na dame shi."

Babu wata haihuwa, babu barka. Abin da ke cikin jakar doguwar rigar iyo ce da Dalal ta ara min, da tawul, da man kare zafin rana.

Sunana Asma. Ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal a Aziziyya, cikin Makka, tare da ƙawata Dalal. Aikin Hajji ya ƙare, alhazai sun watse, aka ba mu hutun kwana goma. Shi ne yayanta Sami ya ce zai kai mu yawon jirgin ruwa, irin wanda ake kiɗa a ciki, a ci kifi, a shiga ruwa a kalli murjani.

Sami... Wata takwas ke nan da ya fara zuwa ɗaukar Dalal daga aiki, har ya koma ni yake zuwa gani. Yana da sanyin murya da haƙuri. Hausarsa a karye take, amma saboda ni yake ƙoƙarin yin ta. Sau uku yana cewa zai turo manyansa gidanmu, sau uku ina cewa ya ɗan dakata.

Dalilina ɗaya ne. Su Sami tun kakanninsu suke Makka, suna da takardar zama 'yan ƙasa, gidansu hawa uku ne. Mu kuwa Baba a Bur Sudan aka haife shi, da ƙuruciyarsa ya tsallako teku. Shagon turare da carbi yake da shi a unguwar Nakkasa, har ranar da rusau ya bi ta layinmu ya haɗa da gidan da shagon. Muka koma ɗaki biyu a Rusaifa. Bayan wata shida yana zaune, ya ce mana wani abokinsa ya samo masa aikin kula da sito a wani kamfani a Jidda. Tun daga nan ranar Litinin yake zuwa gida, ya koma Laraba.

Ko siton ma kunyarsa nake ji. Ranar da Sami ya tambaye ni sana'ar Baba, cewa na yi, "Ɗan kasuwa ne, harkar turare yake yi a Jidda."

Ƙarfe tara muka isa Ubhur, bakin tekun Jidda, mu huɗu: ni, Sami, Dalal, da Nuf 'yar kawunsu, wadda tun a mota take duban takalmina. Jirgin fari ne, hawa biyu, an ɗaɗɗaura masa balan-balan. Mutane sun kai ashirin, akwai iyalai da yaransu, akwai samari da 'yanmata. Tun kafin mu bar gaɓa aka saki kiɗa.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi da farko. Ban taɓa hawa ruwa ba. Iska tana kaɗa mayafina, gine-ginen Jidda suna ƙanƙancewa a bayanmu, ruwan ya tashi daga kore ya koma shuɗi. Dalal tana tafi tana rausaya. Sami ya zauna kusa da ni, ya rage murya.

"Kina tsoro, habibti?"

"Kaɗan."

"Ina nan. Ko kifi ya harare ki sai na rama miki."

Na yi dariya har da rufe baki. Ina cikin dariyar ne na ji kyaftin ɗin ya ɗaga murya da Larabci.

"Ya Amm Awwal! Kawo wa baƙi abin sha!"

Wani dattijo ya fito daga bayan jirgin, inda hayaƙin gasa kifi ke tashi. Yana sanye da farar riga mai tambarin jirgin, ya ɗaura ƙyallen girki a ƙugu, da hular rana a kansa. Yana riƙe da faranti cike da kofunan lemo, yana takawa a hankali saboda tangaɗin jirgin. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana ɗan rusunawa, yana cewa, "Tafaddal... tafaddali..."

Tafiyarsa na fara ganewa kafin fuskarsa.

Baba ne.

Na so na ja mayafina na rufe fuska, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Ya miƙa wa Dalal kofi, ya miƙa wa Sami, sannan ya juyo gare ni.

Lemo ya ɗan zube a kan yatsunsa. Ya dube ni, ya dubi Sami da ke zaune kafaɗarsa kusa da tawa, ya dubi gashina da iska ta fito da shi. Ni kuma na dubi ƙyallen da ke ƙugunsa, duk mai da toka.

Jira yake yi. Na san jira yake ya ji abin da zan ce.

Na sa hannu na ɗauki kofin, na kawar da kai.

Nuf ta kurɓi nata ta yatsina fuska. "Wannan ai ɗumi ne da shi!" ta ce da Larabci. "Ya hajj, babu ƙanƙara ne?" Kiɗan ya yi ƙarfi, Baba kuma hankalinsa ba ya wurinta, bai amsa ba. Ta taɓo ni da gwiwar hannu. "Asma, da gani irin mutanenku ne. Ke da kike jin yaren sosai, gaya masa ya kawo ƙanƙara."

Dukkansu suka zuba min ido. Sami yana murmushi, yana son ya ji ina Hausa.

Har yau ban san daga ina muryar ta fito ba.

"Malam," na ce, "a kawo ƙanƙara."

Baba ya sunkuyar da kai. "To, ranki ya daɗe," ya ce. Ya juya ya tafi.

Ya kawo ƙanƙarar. Da cokali ya zuba wa Nuf, ya zuba min, bai sake ɗago ido ba. Na riƙe kofin har ƙanƙarar ta narke, ban iya kai shi baki ba.

"Lafiya kuwa?" Sami ya tambaya. "Fuskarki ta canza."

"Jiri nake ji... ruwan ne."

Sai a lokacin abubuwa suka riƙa dawo min. Yadda Baba ya yi baƙi ƙirin cikin shekara guda. Yadda tafin hannunsa ya tsattsage. Yadda yake wucewa banɗaki kai tsaye duk ranar Litinin kafin ya yarda mu gaisa, ya fito yana ƙamshin turare mai ƙarfi. Wane sito ne ke ƙona fatar mutum haka? Ban taɓa tambaya ba. Ni dai ina karɓar abin da ya kawo.

Bayan kamar awa ɗaya jirgin ya tsaya, aka saki anga, ƙarfen da ke riƙe shi wuri ɗaya. Kyaftin ya yi bayani: kowa zai sa rigar ceto, da gilashin ruwa, da bututun da ake shaƙar iska da baki. Akwai doguwar igiya da aka jefa a bayan jirgi, wanda bai iya iyo ba ya riƙe ta, kar ya saki.

Da na so na ce ba zan shiga ba. Amma idan na zauna, daga ni sai Baba da tsofaffi biyu za a bari a sama. Na gwammace ruwan.

Shi ne yake raba kayan a bakin matakala. Da layi ya zo kaina ya miƙo min rigar ceto, idonsa a ƙasa. Ya yi magana can ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Ja maɗaurin ƙasan da kyau. Akwai jan ruwa yau. Kar ki saki igiya."

Ko "to" ban ce masa ba, don Nuf tana bayana.

Ruwan da ɗumi. Na kama igiyar, na cusa fuskata kamar yadda aka nuna mana. Subhanallahi! Wata duniya ce a ƙasa. Duwatsun murjani kamar rassan itace, wasu ja, wasu ruwan hoda. Ƙananan kifaye masu ratsin rawaya suna wucewa ta gaban idona a jere, wani babba shuɗi yana tsattsagar dutse da baki. Kiɗan jirgin ya ɓace, ba na jin komai sai numfashina.

A cikin wannan shirun ne na sake jin muryarsa. *To, ranki ya daɗe.*

Mutumin da yake goya ni a wuya ya hau da ni tudun Nakkasa idan na gaji. Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba sai dai "Uwata", saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min. Shi na kalla na ce wa Malam.

Kuka ya ƙwace min a cikin gilashin. Na sa hannu biyu zan gyara shi, ban ma lura na saki igiyar ba. Na ja numfashi da ƙarfi, sai ruwan gishiri ya biyo bututun ya cika min maƙogwaro. Na ɗago kai ina tari, igiyar ta yi nisa. Rigar ceton da ban ɗaure da kyau ba ta haura ta rufe min fuska. Na kai hannu, babu abin kamawa. Na sake shan ruwa. Sami yana can gaba da Dalal, kawunansu a cikin ruwa, ba wanda ya gan ni.

"Baba!" na ƙwalla. "Baba! Wayyo Baba!"

Ban ga lokacin da ya faɗo ba. Daga baya aka ce min da ƙyallen girkinsa da komai ya yi tsalle daga saman jirgin, tun kafin kyaftin ya juyo. Ni dai na ji hannu ya tallafo haɓata ta baya, na ji muryarsa a kunnena.

"Na riƙe ki, Uwata. Daina dukan ruwa. Kwanta a jikina... yawwa. Na riƙe ki."

Ya ja ni yana iyo da hannu ɗaya. Jan ruwan ya tura mu kan murjani, na ji ya yi wani ɗan nishi, amma bai sake ni ba har muka kai matakala.

Aka shimfiɗa ni a kan benci ina amayar da ruwa. Dalal ta lulluɓe ni da tawul tana kuka. Sami ya hau jirgin a gigice, gilashinsa a wuya. Wani ya kashe kiɗan. Da na buɗe ido na hango Baba zaune a ƙasa, ya jingina da akwatin kifi yana haki, jini yana bin tafin ƙafarsa yana gauraya da ruwan da ke ƙasan jirgin.

"Allah ya saka maka, ya ammi," Sami ya ce. "Ka ceci ranta."

Nuf ta ce, "Ni fa na ji tana kiran Baba. Wa take kira?"

Baba ya share fuskarsa da tafin hannu. Ya yi ɗan murmushi, ya amsa mata da Larabci.

"Haka muke a wurinmu, 'yata. Kowane tsoho Baba ne."

Ya sake rufa min asiri. Jini yana zuba a ƙafarsa, numfashinsa bai dawo ba, amma tunaninsa yadda zan fita kunyar mutane ne. Da na yi shiru, shi ke nan, maganar ta wuce.

Na ture tawul ɗin na sauko daga bencin. Na rarrafa har inda yake.

"Ba haka ba ne," na ce da Larabci, yadda kowa zai ji. "Mahaifina ne. Sunansa Awwalu. Shi ya haife ni."

Dalal ta dafe baki.

"Uwata..." Baba ya ce a hankali. "Da kin bari."

Na kama ƙafarsa ina kuka. Ya janye ta a hankali, kamar mai jin kunyar a gan ni a haka.

Sami ya karɓi akwatin magani a hannun kyaftin, ya durƙusa a gaban Baba ya wanke ciwon, ya naɗe shi. Sau ɗaya ya ɗago ya dube ni, ban taɓa ganin irin wannan kallon a idonsa ba.

An ci kifin a hanyar dawowa, amma ba a sake kunna kiɗa ba. Baba da kansa ya tashi yana ɗingishi ya rarraba, duk da kyaftin ya ce ya zauna. Da muka iso gaɓa na tsaya a gabansa.

"Baba, mu tafi gida tare."

"Akwai wankin jirgi. Gobe ma akwai baƙi." Bai dube ni ba. "Ki tafi, kar ummanku ta damu."

Muka kamo hanya daga Jidda har Makka. A bakin layinmu Sami ya tsaya, ya fito ya buɗe min but na ɗauki jakata. A nan ne ya yi magana, da karyayyiyar Hausarsa.

"Asma, me ya sa?"

"Na ji tsoro... Na ɗauka idan ka sani za ka..."

"Zan me? Zan gudu don babanki yana gasa kifi?" Ya koma Larabci, maganar tana fita da sauri. "Wallahi ba aikinsa ne ya dame ni ba. Ko ƙaryar turaren zan iya haɗiyewa. Amma ina zaune kusa da ke kika dubi idonsa kika ce Malam. Ina ta murmushi kamar wawa! Idan ni ma wata rana na faɗi fa? Me za ki kira ni?"

"Sami, don Allah..."

"Ki ba ni lokaci."

Ya shiga mota ya ja.

Na ce wa Umma kaina ke ciwo, na shige ɗaki. Kwana biyu ina kwance, ko abinci ba na iya ci. Ranar Litinin na tashi da sassafe na share gidan, na goge, na zauna ina sauraren takun matakala. Azahar ta yi, la'asar ta yi, Baba bai zo ba.

Na sami Umma a falo tana tsince shinkafa. Na durƙusa a gabanta na gaya mata komai, tun daga rigar iyo har zuwa ƙanƙara. Ban rage ko kalma ɗaya ba.

Ta ajiye farantin.

"Ya kira ni jiya," ta ce. "Ya ce ƙafarsa ce ta kumbura, ba zai iya zuwa ba. Ya ce zamewa ya yi. Ko sunanki bai ambata ba."

"Umma... kin san aikin da yake yi?"

"Wa kike tsammani yake wanke masa kaya? Ni da nake cire ɓawon kifi a aljihunsa?"

"Me ya sa ba ku gaya min ba?"

"Shi ya hana. Ya ce ke budurwa ce, kina aiki cikin 'ya'yan manya, kar a ce miki 'yar mai gasa kifi. Ya ce a bari sai kin yi aure." Ta juyo ta dube ni. "Ƙaryar da kika yi min, ni da ke ce, zan iya yafewa. Hawa jirgi da saurayi ba da saninmu ba, wannan ma za mu yi maganarsa. Amma Malam, Asma? Malam?! Mutum mai shekara sittin da biyu, yana tsayuwa a rana saboda ku?"

Ba ta dake ni ba. Da ma ta dake ni. Ta ɗauki farantinta ta shige kicin, na ji ta tana jan hanci.

Na kira wayar Baba sau bakwai a satin nan. Yakan ɗauka ya ce, "Lafiya lau nake, ina cikin aiki," ya kashe. Sami kuwa ko saƙo. Dalal ce kawai ta rubuto min, *Ina sonki har yanzu, amma kin ba ni kunya.*

Litinin ta gaba, bayan la'asar, na ji taku a matakala, ɗaya da nauyi ɗaya a hankali. Na riga Umma isa ƙofa.

Baba ne, ya rame. Ƙafar tana naɗe da sabon bandeji, yana dogara sanda. Wannan karon bai wuce banɗaki ba. Ya zauna a kan tabarma da kayan jikinsa, warin teku da hayaƙi suna tashi daga rigarsa.

Na zube a gabansa, goshina a kan gwiwarsa.

"Baba, ka yafe min. Don girman Allah ka yafe min. Ni ba 'yar kirki ba ce..."

"Tashi."

"Ba zan tashi ba sai ka yafe min."

Umma tana tsaye a bakin ƙofa.

"Zan gaya miki gaskiya, Uwata," ya ce. "Ya yi min ciwo. Kwana uku ina jin kalmar nan a kunnena, ina juya kifi ina jin ta. Shi ya sa ban zo ba, ba ƙafar ce kaɗai ba. Na ji tsoron na zo da zafin na faɗi abin da zai bi ki har ƙarshen rayuwarki."

Na ƙara fashewa da kuka.

"Amma da na zauna na yi tunani, wa ya fara? Ni na fara jin kunyar aikina. Ni na ce muku sito. Halal nake nema, amma na ɓoye shi kamar sata. Yarinya ta ga ubanta yana ɓoye abu, me za ta koya?"

"A'a Baba, laifina ne ni kaɗai..."

"Naki yana nan, ban ɗauke miki ba." Ya ɗora hannunsa a kaina, tafinsa da kaushi. "Amma na yafe. Duniya da lahira na yafe. Kin kira ni a cikin ruwa, kin kuma kira ni a gaban mutane. Ya ishe ni."

Umma ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi.

Sai da na yi shiru, na kawo masa shayi, sannan ya gyara zama.

"Yaron nan, Sami. Sau uku yana zuwa Ubhur."

Kofin ya kusa suɓuce min.

"Shi ya kai ni asibiti da ƙafar ta kumbura. Ranar farko ban sake masa fuska ba. Na ce masa wanda yake son 'yar mutane ƙofar gida yake zuwa, ba teku yake kai ta ba. Ya sunkuyar da kai, har kunnuwansa suka yi ja. Ya ce ya yi kuskure, ba zai ƙara ba." Baba ya kurɓi shayin. "Jiya ya ce yana neman izini ya turo kawunnansa. Ya ce ya yi fushi da ke, har yanzu da saura, amma ya gwada ya haƙura da ke ya kasa. Na ce sai na tambayi mai abin."

Na kasa ɗago kai.

"Kina son sa?"

Na gyaɗa kai, hawaye suna ɗiga a kan tabarma.

"To. Amma akwai magana. Ya ce mahaifiyarsa ta ji labari a bakin yarinyar nan mai son ƙanƙara, kuma ba ta ji daɗi ba. Kawunnan za su tambayi sana'ata. Kyaftin ya ce idan ina so zai ce musu ni ne mai kula da kayan jirgin gaba ɗaya..."

"A'a." Na ɗago na dube shi sosai, karo na farko tun ranar. "Ka ce musu kifi kake gasawa, Baba, kana raba lemo. Idan bai yi musu ba, su koma da ɗansu. Zan yi kuka, amma ba zan mutu ba."

Ranar Talata kawunnan suka zo, bayan la'asar, su uku da Sami. Ni da Umma muna ɗakin ciki, na manna kunnena a jikin ƙofa. Aka gaisa, aka sha gahawa, aka yi maganar zafin bana. Can babban kawun ya gyara murya ya yi tambayar.

"A jirgin yawon shaƙatawa nake aiki, a Ubhur," na ji Baba ya ce, muryarsa a tsaye. "Ni nake gasa wa baƙi kifi."

Sai na ji muryar Sami, da Hausa, yana haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, ni na ci kifin. Kuma na ga yadda ya shiga ruwa. Ina so... ina so 'ya'yana su ce masa Kaka."

Mahaifiyarsa ba ta zo ganina ba sai bayan wata biyu, kuma ranar da ta zo ba ta daɗe ba. Nuf ba ta halarci bikin ba. Har yau akwai 'yan uwansu da suke gaishe ni da gefen baki, na kuma koyi amsawa ba tare da na sunkuyar da kai ba.

An ɗaura auren a masallacin unguwarmu a Rusaifa. Da aka dawo Baba ya shigo ɗakin da nake, cikin farar jallabiya, har lokacin yana ɗan ɗingishi. Mata suka matsa masa. Ya tsaya a kaina zai yi min addu'a, bakinsa ya yi ta motsi, maganar ta ƙi fita.

Na kama hannunsa da hannuna biyu, na juya ga dangin Sami da suka cika ɗakin.

"Wannan babana ne," na ce.

Sun riga sun sani. Amma na faɗa, sai da na tabbata kowace ta ji.